Windows Biyu a Laftof Ɗaya: Wanne Za a Goge, Kuma Yaushe Ake Fomatin?

"Assalamu alaikum Malam. Don Allah shawara nake nema. Na sayi laftof HP ta hannu, had-dis ɗinta 500GB, da Windows 10 a kai. Da ta fara nauyi sai wani abokina ya zo da filash ya sa mini sabon Windows. Tun daga ranar, duk lokacin da na kunna ta sai ta tsaya a wani shuɗin allo ta nuna mini Windows 10 guda biyu, wai in zaɓa. Na sama babu komai a cikinsa, na ƙasa shi ne tsohon, kayana suna ciki amma nauyinsa sai abin da ya ƙaru. Ga wuri ya kusa cika. So nake in cire ɗaya, ko ma in yi wa had-dis ɗin fomatin gaba ɗaya in huta. Amma furojet ɗina na makaranta da hotunan gida duk suna ciki. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, laftof ɗinka lafiyarta ƙalau, abokinka kuma ba ɓarna ya yi maka ba, aiki ya yi rabi ya tafi. Irin wannan ta sha zuwa teburina. In na fahimce ka daidai, tambaya biyu ka ƙulle a ɗauri ɗaya: yadda za a cire Windows ɗaya a bar ɗaya, da yadda za a share had-dis ɗin kakaf a faro daga tushe. Aiki biyu ne daban, haɗarinsu ma daban. Abin mamakin shi ne, wanda mutane suke rainawa, wato cire ɗaya kawai, shi ya fi kawo mini kwamfutocin da suka ƙi tashi. Don haka bari in fara nuna maka abin da ke cikin had-dis ɗin, domin in ka gane tsarinsa ba sai ka haddace umarnina ba.

Yadda aka yi suka zama biyu

Ɗauki had-dis a matsayin gida. Ana iya kasa shi ɗakuna, su ne masu gyara suke kira fatishan, su ne kuma kake gani da sunan C da D. Windows ɗin da ka tarar yana zaune a ɗaki ɗaya. Da abokinka ya zo wurin da ake tambayar a ina za a sa sabon, bai goge ɗakin tsohon ba, sai ya zaɓi wani ɗakin na kusa. Wataƙila tsoron ɓatar maka da kaya ne ya sa, in haka ne kuwa ka gode masa. Akwai kuma wata hanyar da hakan ke faruwa ba da niyyar kowa ba: ana cikin sa Windows kwamfuta takan kashe kanta ta kunna, in an bar filash a jiki sai ta sake tashi daga filash ɗin, mutum ya ga an dawo farko ya ɗauka aikin bai yi ba, ya sake sawa a wani ɗakin. Na taɓa buɗe wata na tarar da Windows uku ta wannan hanyar.

To amma gidan ba ɗakuna kaɗai gare shi ba, yana da zaure. Wani ɗan ƙaramin fatishan ne, a wasu kwamfutoci 100MB, a wasu 260MB ko 500MB, ba shi da harafi, shi ya sa ba ka ganinsa a wurin da kake buɗe fayil. In ka danna maɓallin kunnawa, kwamfuta ba ɗakin Windows take nufa kai tsaye ba, zaure take fara shiga. A can akwai ɗan rajista da aka rubuta sunan kowane Windows da ɗakin da yake. Shuɗin allon da yake tsayar da kai, wannan rajistan ne ake karanto maka, kuma daƙiƙa 30 yake jira kafin ya zaɓa da kansa. Zauren guda ɗaya ne, su biyun suke tarayya a kansa.

Daga nan za ka ga abu uku ne a gabanka: sunan da ke rajista, ɗakin da kayan Windows suke, da zauren kansa. Ka goge sunan, allon zaɓi ya ɓace amma wurin bai dawo ba. Ka goge ɗakin ka bar sunan, wuri ya dawo amma allon yana nan yana nuna maka mutumin da ya tashi. Ka rushe zauren, Windows ɗinka yana nan lafiya lau a ciki amma babu ƙofar isa gare shi, sai HP ta tarbe ka da baƙin allo mai cewa Boot Device Not Found da lamba 3F0 a ƙasa.

A gefe guda, wani yakan ce yana da Windows biyu alhali ba haka ba ne. In an sa sabo a ɗaki ɗaya da tsohon ba tare da fomatin ba, Windows yakan tattara tsohon ya zuba a wata folda mai suna Windows.old. Wannan ba ya bukatar wani dogon aiki, Disk Cleanup yana share shi bayan ka kwashe kayanka daga ciki. Naka ba wannan ba ne tunda kowanne yana buɗewa.

Kafin ka taɓa komai

Nan ne zan daɗe, don nan ne ake kuka.

Ka shiga tsohon Windows ɗin, ba sabon ba, ka kwashe kayanka zuwa wani abu da za ka iya zarewa ka sa a aljihu: had-dis na waje, ko filash mai girma. Kar ka kwashe zuwa D. Na gaji da jin "ai na kwashe komai zuwa D". D ɗin nan ɗaki ne a gidan da kake shirin rushewa, kuma a halin da kake ciki ma ba mamaki D ɗin shi ne ɗaya Windows ɗin. Kowane Windows in ya tashi kansa yake kira C, ya ba wa ɗan'uwansa wani harafin. Abin da kake gani C a na sama shi ne D ko E in ka shiga na ƙasa. Wannan sauyin harafi ya ci mutane da yawa. Don haka tun yanzu ka sa wa ɗakunan suna: ka danna na dama a kan C na tsohon ka sauya sunansa zuwa TSOHO, ka shiga sabon ka sa masa SABO, sannan ka rubuta girman kowanne a takarda. Suna da girma ba sa sauyawa, harafi kuwa ba abin yarda ba ne.

Wuraren da za ka leƙa su ne Desktop, Documents, Downloads, Pictures da Videos. Downloads ake yawan mantawa, nan ne kuwa takardar shaidar biyan kuɗin makaranta da irinsu suke kwana. Ka tuna da kalmomin sirrin da Chrome yake riƙe maka. In ba ka shiga da adireshinka na Google ba, suna tafiya tare da fomatin. Furojet kuma ka yi masa gida biyu, ɗaya a filash, ɗaya ka aika wa kanka ta imel.

Bayan ka kwafa, ka kai filash ɗin wata kwamfutar ka buɗe fayilolin da idonka. Ga dalilin da ya sa nake nacewa. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini laftof ana saura kwanaki ta miƙa aikinta. Na tambaye ta ko ta kwashe kayanta, ta ɗaga filash ta ce komai yana nan. Har na sa hannu zan fara, sai dai wani abu ya ce mini in duba. Na soka filash ɗin, ga sunan furojet ɓaro-ɓaro, babi na ɗaya har na biyar, amma kowanne da 'yar kibiya a gindinsa, girmansa bai wuce 2KB ba. Alamomin gajerar hanya ta kwaso daga fuskar kwamfuta, ainihin fayilolin suna can cikin wata folda. Na juyo mata allon na nuna mata, ta yi shiru, sannan ta nemi kujera ta zauna. Tun ranar ba na karɓar "na kwashe" daga bakin kowa sai na buɗe fayil biyu ko uku na gani.

Sauran abubuwan dubawa ba su da tsawo. Ka shiga Settings, wurin Activation, ka ga ko Windows ɗin Home ne ko Pro, kuma ko an rubuta yana da lasisin dijital. Tun zamanin Windows 8 kamfanoni suke binne makullin lasisi a cikin madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfutar suke haɗe a kai, maimakon manna takarda a ƙasanta, saboda haka fomatin ba ya cinye shi, matuƙar irin wanda take da shi ka mayar mata. Ka duba kuma ko akwai hoton kwaɗo a jikin C. In akwai, BitLocker ne ya kulle ɗakin, sai ka nemo makullinsa mai lamba 48 ka ajiye kafin komai, galibi yana cikin asusun Microsoft na wanda ya kunna shi. A kwamfutar hannu wannan mutumin ba lallai kai ba ne, shi ya sa na ce ka kwashe kaya daga cikin tsohon Windows tun yana buɗe maka da kansa. Sannan ka sauke direban Wi-Fi, wato 'yar manhajar da take sa Wi-Fi ya yi aiki, na samfurin laftof ɗinka daga shafin HP ka ajiye a filash, don kar ka gama aiki ka tarar babu hanyar shiga intanet ɗin da za ka nemo shi. Na ƙarshe wuta. In batirin irin wanda yake mutuwa da an zare caja ne, kar ka fara sai kana da tabbacin wutar awa biyu, ko janareta ko sola.

In ɗaya kawai kake son cirewa

Ka shiga Windows ɗin da kake son ya zauna. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc. Zai shimfiɗa maka had-dis ɗin daga hagu zuwa dama, kowane ɗaki da girmansa da 'yan kalmomi a ƙarƙashinsa. Kalma biyu za ka nema, kuma a nan Microsoft ta yi abin da har yau yake ba ni dariya: ɗakin da aka rubuta wa Boot shi ne inda Windows ɗin da kake ciki yake zaune, wanda aka rubuta wa System kuma shi ne zaure, inda kayan tashi suke. Duk mai hankali akasin haka zai zata, amma haka suka sa.

In ka ga System, ko EFI System Partition, a jikin wani ɗan ƙaramin fatishan shi kaɗai, ka yi sa'a. Zaurenka daban yake, ba ruwansa da ɗakin da za ka goge. Sai ka sake danna Windows da R, ka rubuta msconfig, ka shiga shafin Boot. Za ka ga layi biyu. Wanda aka rubuta wa Current OS shi ne wanda kake ciki. Ka zaɓe shi ka danna Set as default, sannan ka zaɓi ɗayan ka danna Delete. Ka kashe kwamfutar ka kunna. In ta wuce kai tsaye ba ta tsaya tambaya ba, sai ka koma diskmgmt.msc ka goge ɗakin ɗayan, kana duba sunan da ka sa masa da girman da ka rubuta a takarda. Suna ake fara gogewa kafin ɗaki, domin suna in an yi kuskure minti biyu ne a mayar da shi, ɗaki kuwa in ya tafi sai an sha wuya.

In kuma ka ga kalmar System a jikin babban ɗakin tsohon Windows, to tsaya. Ma'anarsa gidan ba shi da zaure na daban, ta cikin ɗakin tsohon ake bi a shiga na sabon. Wannan ya fi yawa a tsofaffin kwamfutoci masu tsarin MBR, wato tsohon salon kasa had-dis ɗakuna, waɗanda wani ya taɓa kasa su da hannu. Windows da kansa zai hana ka goge ɗakin, za ka ga umarnin ya dushe ba ya dannuwa. Matsalar tana zuwa ne in mutum ya yi zuciya ya ɗauko wata manhaja ya goge shi da ƙarfi. Ni ma na yi, farkon shigata sana'ar nan. Ubangidana ya fita sallar la'asar ya bar ni da laftof ɗin wani ɗan kasuwa, na ga Windows yana yi mini gardama, na tashe ta daga faifan gyara na share ɗakin ina jin kaina gwani. Da na kunna sai layi ɗaya fari a kan baƙi: BOOTMGR is missing. Sai bayan isha'i muka tashi daga shago. Gyaran shi ne a gina sabon zaure tukuna da umarnin bcdboot, a nuna wa kwamfuta ta riƙa bi ta nan, a gwada ta tashi, sannan a rushe tsohon. Yana yiwuwa, amma akwai wuraren da yake cijewa, misali in sabon Windows ɗin yana zaune a irin fatishan ɗin da tsarin MBR ba ya yarda a tashi daga kansa. Ba aikin da zan koya maka a rubuce ba ne ba tare da na ga allonka ba.

Ko da komai ya tafi daidai, akwai wani ɗan takaici a ƙarshe. Wurin da ka samu zai fito baƙi, babu mai shi, kai kuma so kake ka haɗe shi da C. Disk Management, wato abin da diskmgmt.msc yake buɗewa, ba ya faɗaɗa ɗaki sai in filin yana manne da shi ta dama. Tsohon Windows kuwa kusan kullum shi ne a hagu tunda shi ya riga zuwa. Ka goge tsohon ka bar sabon, filin ya faɗo ta hagu, umarnin faɗaɗawa ya ƙi dannuwa. Ko dai ka haƙura ka mai da filin D na ajiyar kaya, wanda ba laifi ba ne, ko ka ɗauko manhaja irin su GParted ka ja ɗakin gaba ɗaya zuwa hagu. Jan nan yana cin lokaci a had-dis mai juyawa, in kuma wuta ta ɗauke a tsakiya, an gudu ba a tsira ba.

Shi ya sa a naka lamarin ban ga ribar wannan hanyar ba. Tsohon ya yi nauyi ba ka son sa. Sabon babu komai a ciki, kuma daga filash ɗin aboki ya fito, wanda ba lallai ne daga Microsoft aka sauke shi ba. Akwai waɗanda ake yawo da su an yi musu ƙari da ragi. Babu wanda ya cancanci a sha wahalar cetonsa.

Share gidan gaba ɗaya

Ka samu filash mai 8GB ko fiye wanda babu abin da kake so a cikinsa, don za a share shi. Ba wanda ka zuba kayanka ba, wani daban. Ka shiga shafin Microsoft ka sauke Media Creation Tool, shi zai sauko da Windows ya shirya filash ɗin da kansa. Ka tanadi data kamar 6GB. In kana da fayil ɗin ISO a hannu, wato Windows dunƙule a fayil ɗaya, manhajar Rufus tana yin aikin. Kar dai ka kwafa da hannu ka zuba, domin filash mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya haura 4GB, babban fayil ɗin Windows kuwa yakan haura.

Ka zare had-dis na waje da duk wani abin ajiya, ka bar filash ɗin Windows kaɗai. Ka kunna kana ɗan bubbuga F9, shi ne maɓallin zaɓin wurin tashi a HP; a Dell da yawancin Lenovo F12 ne. Filash ɗin yana iya fitowa sau biyu, ɗaya da UEFI, wato sabon salon tashin kwamfuta, a gaban sunansa. Shi za ka zaɓa in akwai. Wannan zai sa had-dis ɗin ya koma tsarin GPT, wanda yake ɗaukar ɗakuna har 128, ba kamar MBR ba da manyan ɗakunansa huɗu ne kacal kuma ba ya wuce 2TB.

In an tambaye ka makulli ka danna wurin da ke cewa ba ka da shi, ka zaɓi Home ko Pro daidai da abin da ka gani ɗazu. A tambaya ta gaba ka zaɓi Custom. Yanzu ka iso allon da abokinka ya kauce. Za ka ga jerin layuka: Drive 0 Partition 1, Partition 2, har zuwa biyar ko shida. A nan kar ka danna Format. Format ɗaki ɗaya yake sharewa ya bar bango da zaure da tsohon rajista yadda suke, shi ya sa wani zai ce ya yi fomatin amma har yanzu ana nuna masa Windows biyu. Delete za ka danna, layi bayan layi, ƙanana da manya, har sai abin da ya rage layi ɗaya ne tal mai cewa Drive 0 Unallocated Space. Zai nuna kimanin 465GB, kar ka ce an cuce ka, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙera had-dis da Windows. A cikin waɗanda za ka goge wataƙila akwai ɗakin ceto na HP wanda F11 yake buɗewa. A kwamfutar hannu yawanci ko an riga an share shi ko tsohon yayi ne a ciki, filash ɗinka ya maye gurbinsa.

In wani layi ya ƙi goguwa, ko aka ce ba za a iya sa Windows a nan ba saboda tsarin GPT ko MBR, ka danna Shift da F10, baƙin allo zai buɗe. Ka rubuta diskpart, sannan list disk. Ka dubi girma da kyau: mai 465GB shi ne had-dis, mai 7GB ko 14GB filash ɗinka ne. Ka rubuta select disk da lambar had-dis ɗin, sannan clean. Wannan kalmar ba ta tambayar ko ka tabbata, kafin ka ɗaga yatsa ta gama. Ka rufe allon, ka danna Refresh.

Daga nan ka zaɓi filin ka danna Next, Windows zai gina sabon zaure da ɗakinsa da ɗan ɗakin ceto da kansa. In kana son D, danna New ka ba C kamar 150GB, ragowar ka yanka daga baya. Ina son wannan tsarin don gobe in Windows ya sake rikicewa C kaɗai za a taɓa, amma D ba madadin filash ba ne, ranar da had-dis ya mutu tare suke tafiya. Da zarar kwamfutar ta kashe kanta karo na farko, zare filash ɗin, kar mu koma gidan jiya.

Abin da fomatin yake yi da wanda ba ya yi

Gogewar da muka yi a sama ba ta shafe kayan da ke kan had-dis ba, rajistan inda suke ta yaga. Suna nan kwance har sai sabon abu ya hau kansu. Wannan labari ne mai daɗi ga wanda ya yi kuskure: in ka goge ɗakin da ba shi ba, ka kashe kwamfutar nan take, kar ka sa komai a kai, manhajar TestDisk takan dawo da ɗaki sukutum, PhotoRec kuma yakan tsinto hotuna da takardu ko da sunayensu sun ɓace. A SSD kam, wato sabon nau'in ma'ajiya marar faifai mai juyawa, fatan ya yi ƙaranci, don shi yakan share abin da aka goge da kansa ba da jimawa ba. Labari ne marar daɗi kuma ga mai sayar da kwamfuta da hotunan iyalinsa a ciki. Ranar da za ka sayar, clean all za ka rubuta maimakon clean, shi yake bin had-dis ɗin kaf yana rubuta sifili, a 500GB ka ba shi awa biyu ko fiye.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce asalin abin da ya jawo duk wannan. Fomatin yana maganin nauyin da tarkacen manhajoji da ƙwayoyin cuta suka jawo. Ba ya maganin had-dis da ya gaji. Kafin ka share, sauke CrystalDiskInfo ka buɗe. In ya nuna shuɗi da Good, to. In ya nuna ruwan ɗorawa da Caution, ko kana jin had-dis ɗin yana ƙas-ƙas in ka kara kunne, kar ka ɓata datarka, kwashe kayanka yau ɗin nan ka nemi wani. Ko lafiyayye ne ma, yawancin had-dis ɗin laftof juyi 5400 suke yi a minti, Windows 10 kuma yakan shaƙe su. Buɗe Task Manager a sabon Windows ɗin da babu komai a ciki, in ka ga Disk yana manne a 100% ka san ba tarkace ba ne matsalar.

Da laftof ɗin ƙanina ce, kuma aljihu zai iya, ga abin da zan yi. In sayi SSD mai 256GB irin mai faɗin inci 2.5, in zare tsohon had-dis ɗin ban goge komai a kansa ba, in sa SSD a gurbinsa in ɗora Windows a kai. Tsohon in saka shi a ɗan kes na USB ya zama had-dis na waje. Windows biyun da furojet da hotuna duk suna nan ba abin da ya taɓa su, in kwashe a natse, in yi sati biyu ina tuno abin da na manta ina komawa ina ɗaukowa, sannan in yi masa clean ya zama ma'ajiya. A wasu samfuran HP murfi ɗaya ne a ƙasa da sukurori biyu, a wasu sai an ɗaga bayan gaba ɗaya, wannan kam gara mai gyara ya buɗe maka kana tsaye.

Tunda sabon sawa za ka yi, ka san cewa Microsoft ta sanya 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar da tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare. Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana neman TPM 2.0, wato wani ɗan sashen tsaro a cikin kwamfuta, da UEFI, a ɓangaren Intel kuma daga ƙarni na 8 zuwa sama. Dubi lambar da ke bin i5 ko i7 a sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutarka: in ta fara da 8, kamar 8250U, ko da 9, 10, 11 zuwa sama, Windows 11 za ka sauke tun farko kar ka yi aiki biyu. In irin su 4300U ko 6300U ce, Windows 10 ɗin zai ci gaba da aiki, sai dai ka ƙara kula da abin da kake saukewa da filash ɗin da kake sokawa, musamman wanda ya je shagon buga takardu ya dawo.

Duk wannan a kan abin da ka rubuto na gina shi, had-dis ɗaya, Windows biyu. Wasu laftof suna da ɗan SSD da had-dis tare, a nan za ka ga Drive 0 da Drive 1, zauren yana iya kasancewa a ɗaya Windows yana ɗayan, lissafin sai ya sauya. In ka buɗe diskmgmt.msc ka ga fiye da layi ɗaya na had-dis, ko ka ga System a jikin ɗakin da ka sa wa TSOHO, ɗauki hoton allon da waya yadda rubutun ƙasan kowane ɗaki zai fito sosai, ka turo kafin ka danna Delete.